Abin da ya kamata ku sani game da gwajin fitsari na gano gubar barasa da sinadaran fenti

Ba duk abin da ake kira barasa ba ne iri ɗaya. Wadda ke cikin giya sunanta itanol, amma tana da 'yan uwa da ke kashe mutum da ɗan kaɗan. Akwai metanol, da ake samu a sinadaran masana'antu da kuma gurɓatacciyar ogogoro. Akwai etilin gilaikol, da ke cikin ruwan sanyaya injin mota, sai kuma ɗan uwansa dai-etilin gilaikol, wanda ya fi kowanne ɗaukar rayukan yara a yankinmu. Shi ne aka samu a maganin haƙori na My Pikin a 2008, inda yara 84 suka rasu a Najeriya, wasunsu a asibitin koyarwa na Zariya. Shi ne kuma, tare da etilin gilaikol, aka gano a magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022.

Abin tsoro a nan shi ne hanta ce ke mayar da waɗannan sinadarai guba. Metanol na komawa asid mai lalata jijiyar ido, shi ya sa wanda ya sha kan yi awa 12 zuwa 24 kamar lafiya lau, sannan amai da haki su taso, gani ya dusashe. Haka aka gani a jihohin Ondo da Ribas a 2015, lokacin da masu shan ogogoro suka riƙa makancewa suna mutuwa. Etilin gilaikol kuwa ƙoda yake nufa. Tunda ƙoda ce ke tace jini ta zubar da dattinsa, fitsari kan ɗauko sawun gubar, kuma wannan sawun ake bi a ɗakin gwaje-gwaje.

Idan mai awo ya ɗiga fitsarin wanda ya sha etilin gilaikol a kan gilashi ya leƙa ta madubin likita, yakan ga wasu ƙananan duwatsu masu ƙyalli, wasu dogaye kamar allura, wasu masu kusurwa huɗu da layi biyu a gicciye. Sinadarin okzalet ne ya haɗu da kalsiyam. Ganinsu na ƙarfafa zargi, amma rashinsu ba ya wanke mara lafiya, don sukan makara kafin su bayyana, kuma lafiyayyen da ya ci alayyahu da yawa ma yana iya fitar da su. Gwajin da ke tabbatarwa sai da wata na'ura mai tsada da ke mayar da samfurin tururi ta rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya. Ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma likitoci sun fi dogara da jini wajen sanin yawan gubar. Fitsari mataimaki ne.

Ga wani kuskure da ya kamata a gyara. Ɗan tsinken nan da ake tsomawa a fitsari don gano masu shan wiwi ko kodin ba ya ganin metanol, ba ya ganin gilaikol. Don sakamakonsa ya fito fes, wannan bai ce babu guba a jiki ba.

Ɓangare na biyu, na sinadaran fenti, ya shafi masu sana'a: mai fentin mota, mai facin taya, mai ɗinkin takalmi da ke wuni a kan gam, mai sayar da fetur a bakin titi, da kuma matasan da ke shaƙar sholisho. Tuluwin, sinadarin da ke cikin tina da gam, na shiga ta huhu, jiki ya sarrafa shi ya fitar da shi a fitsari da wata kama da ake kira hifurik asid. Matsalar ita ce wannan asid ɗin kan ƙaru ko da mutum lemon kwalba ya sha, saboda sinadarin hana lalacewa da ke ciki. Don haka ƙwararru sun fi son auna tuluwin ɗin kansa, ko wani sawunsa da abinci bai cika ruɗawa ba. Benzin da ke cikin fetur shi ma yana da nasa sawun, kuma ya cancanci a bibiya, domin daɗewa ana shaƙarsa na jawo sankarar jini. Hayaƙin taba ma na ɗauke da benzin, saboda haka a faɗa wa likita gaskiya idan ana shan sigari.

Lokacin ɗaukar fitsarin na da muhimmanci ƙwarai. Na ma'aikaci ana karɓa ne daidai tashi daga aiki, ba bayan hutun mako ba, lokacin da jiki ya riga ya zubar da shaidar. A cika kwalbar fitsarin, a rufe ta ruf, a sa ta cikin sanyi, don sinadaran nan tashi suke yi a iska.

Ga iyaye kuwa, abin da ya fi damuna shi ne yaron da ya sha gurɓataccen magani fitsarin ne ma ke ɗaukewa. Idan yaro ya wuni bai jiƙa wando ba bayan shan maganin tari ko na zazzaɓi, ga amai ga kasala, a garzaya asibiti da kwalbar maganin a hannu, ko da ɗigo ɗaya ya rage. Likita ba ya jiran sakamakon gwaji kafin ya fara aiki: akwai allurar fomefizol da ke hana hanta sarrafa gubar, inda babu ita akan yi amfani da itanol na asibiti, sannan wankin ƙoda idan abin ya yi nisa. Kwalbar kuma a miƙa ta ga hukumar NAFDAC, don lambar da ke jikin kwalbar ce za ta nuna inda sauran suke.