Tagwaye biyu da wani sallama da ba a yi ba

Masu karatu, fim ɗin da muka ɗauko muku a wannan mako gajere ne, minti 72 kacal. Sunansa Petite Maman, wato ƙaramar uwa, kuma Céline Sciamma ƴar ƙasar Faransa ce ta shirya shi. An fara nuna shi a bikin sinima na birnin Berlin a shekara ta 2021.

Labarin ya soma ne a gidan kula da tsofaffi. Nelly, yarinya mai shekara 8, tana bi ɗaki ɗaki tana yi wa tsofaffin mata sallama. Kakarta ta rasu, abin da ke ci mata rai kuwa shi ne ba ta yi mata sallama yadda ya kamata ba, domin ba ta san ganin ƙarshe ke nan ba. Iyayenta suka tafi da ita gidan marigayiyar don kwashe kaya. Baƙin ciki ya fi ƙarfin uwar, ta tafi ba tare da ta yi wa ƴarta bayani ba.

A cikin dajin da ke bayan gidan ne Nelly ta gamu da wata yarinya tsararta tana haɗa bukka da rassan itace. Sunanta Marion, sunan uwar Nelly ke nan. Da ta bi ta gida, sai ga gidan nan dai, ga kakar da ranta, tana dogara sandarta.

Tagwaye ne na gaskiya, Joséphine da Gabrielle Sanz, suka fito a matsayin ƴa da uwa, kuma a ganinmu nan ne ƙarfin fim ɗin yake. Mai kallo na ganin ƴan'uwa biyu suna soya gurasa suna ƙyalƙyata dariya, alhali ya san ɗayarsu ce za ta haifi ɗayar. An ɗauki hotunan dajin a Cergy, kusa da Paris, inda Sciamma ta girma.

Nelly ta samu ta yi wa kakarta sallamar da ta kuɓuce mata. Da ta koma gidan da aka kwashe, ta tarar da uwarta ta dawo tana zaune a ƙasa. Sai ta yi abin da a wurinmu ɗa ba ya yi, ta kira ta da sunanta, Marion. Uwar ta amsa da Nelly, suka rungumi juna.