Wurin Wa Za Ka Sauka?

Idan yaro zai bar Auyo ko Haɗejiya zuwa wata ƙasa, kafin a yi maganar guzuri, tambayar da dattawan gida ke fara yi ita ce wurin wa zai sauka. Sai an ambaci sunan wani ɗan gari da ke can hankali ke kwantawa. Kan wannan tambaya aka gina zangunan Hausawa daga Salaga zuwa Kumasi, daga Sabon Zango na Accra zuwa Sabo ta Ibadan.

A zango, maigida ya fi mai ba da ɗaki. Shi ke ciyar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni wurin mahauta ko masu goro, ya yi masa tafinta idan rigima ta kai gaban hukuma. Masani Abner Cohen ya zauna a Sabo, kuma littafinsa na 1969 ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya rataya a wuyan waɗannan masu gidaje. Falke yana biyan la'ada, gaskiya ne, amma almajiri da maniyyaci ba a karɓar ko anini daga hannunsu. A gabas ma haka: garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zama matsayar mahajjatan ƙasa, masu shekara da shekaru a hanya suna tsinkar auduga don su tara kuɗin tsallaka Bahar Maliya.

Amurkawa sun mai da irin wannan aiki tsari na hukuma. Tun 1940 gwamnatinsu ke gayyato malamai, 'yan jarida, alƙalai da shugabannin matasa daga ƙasashen duniya su yi 'yan makonni suna zagaya ƙasar, kuma a kowane birni 'yan sa-kai ne ke tarbarsu, ƙarƙashin ƙungiyar da aka kafa a 1961 wadda yanzu ake kira Global Ties U.S. A cikin shirin har da cin abincin dare a gidan wani iyali, inda babu jami'i babu jawabi. An kuma yi shirin YES, wanda aka ƙirƙiro bayan harin 11 ga Satumba 2001, inda iyali ke ɗaukar ɗalibin sakandare daga ƙasar da ke da Musulmi da yawa, ya yi zangon karatu na shekara guda a gidansu ba tare da an biya su ba. Yaran Arewacin Najeriya na cikin waɗanda suka amfana. Wanda ya yi azumi a gidan Kirista, uwar gidan na tashi da asuba tana ɗumama masa abincin sahur, da wuya a sake ruɗarsa da cewa mutanen can duk maƙiya ne.

Hausawan da ke Bronx da Harlem, Landan, Alƙahira da Guangzhou ba su daina saukar baƙi ba. Mai jinya da ɗan rakiyarsa, ɗalibin da bai samu ɗaki ba, ɗan kasuwar da ba ya jin yaren Sin, duk gidan ɗan'uwa suke nufa. Sai dai nauyin ya sauya. Maigidan Kumasi yana da soraye da yara da riba daga ciniki. Na Bronx kuwa ɗaki biyu yake haya, yana tuƙin tasi da dare. Uwargida ce ke shan wahalar da ba a faɗa: ta dawo daga aiki ta ɗora tukunyar mutum takwas, 'ya'yanta su koma kwana a falo. Wani baƙon ya ce mako biyu, ya yi wata shida, bizarsa ta ƙare, mai masauki ya shiga fargabar hukumar shige da fice, kunya kuma ta hana shi magana. Ya kamata ƙungiyoyi irin su Zumunta ta Amurka su raba wannan nauyi tsakanin gidaje, a kuma faɗa wa baƙo ranar tafiyarsa tun kafin ya taso.

Abin da ya fi damuna shi ne alherin namu ya cika tsayawa a kan namu. Maƙwabci Ba'amurke ko Baturen Ingila zai shekara goma ƙofa da ƙofa da Bahaushe bai taɓa ɗanɗana miyar kuka ba, kuma duk abin da ya sani game da Arewa daga labarin Boko Haram ya samo shi. A 1969, da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Ghana, mutanen zango da dama da aka haifa a can sun tarar ba su da mai tsaya musu a wajen zangon. Bahaushen da ke zaune a Amurka yana iya ba da sunansa a matsayin mai masauki a shirye-shiryen nan kamar kowa, ya gayyaci maƙwabta shan ruwa ko cin naman layya.

Auyo ma tana da rabo a nan. Dausayin Haɗejiya da Nguru na jawo masu nazarin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai, har Yarima Philip na Ingila ya je Dagona da ke cikin dausayin a 1989, aikin noman rani na kwarin Haɗejiya kuma na kawo injiniyoyi da jami'an masu ba da bashi. Galibinsu a otal suke kwana a Kano ko Dutse, a kawo su da rakiya, su koma kafin la'asar. Da ɗan Auyo da ke aiki a ƙetare zai haɗa irin wannan baƙo da gidan yayansa, da sanin hakimi da jami'an tsaro, baƙon zai ji daga bakin manomi da masunci yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, da yadda sakin ruwan madatsun Tiga da Challawa ke iske gonar shinkafa kafin a yanke ta.