Ushafa: Ƙauyen da ke shayar da Abuja amma bai mallaki ƙasar da yake zaune a kai ba

Ma'aikacin da ya murɗa famfo da asuba a Wuse ko Garki ko Maitama don yin alwala ko wanka kafin ya nufi ofis, da wuya ya tuna inda ruwan ya taso. Daga Dam ɗin Usuma yake, a Ƙaramar Hukumar Bwari, wanda aka gina a shekarun 1980, daga baya aka ƙara masa ƙarfi da ruwan da ake janyowa daga Dam ɗin Gurara na Jihar Kaduna ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 70. A gefen wannan tafki, a gindin duwatsu, Ushafa yake: tsohon ƙauyen Gbagyi, mutanen da Hausawa suka saba kira Gwari. Daga sakatariyar tarayya tafiyar ba ta kai awa guda ba idan hanyar Kubwa da Dutse Alhaji ta yi sauƙi.

Da tukwane aka san garin. Matan Gbagyi kan ɗebo yumɓu, su shanya, su daka, su tankaɗe, su kwaɓa, sannan su gina randa ko tulu ko tukunyar miya da hannu kawai, maginiyar tana zagaya tukunyar har ta tashi. Wannan ce sana'ar da ta ɗaukaka Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja da yanzu ake kira Suleja, kuma hotonta ne a bayan takardar Naira 20. A farkon shekarun 1990, shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida ya kafa wa Ushafa tata cibiyar. A watan Agustan 2000 Shugaban Amurka Bill Clinton ya zo da 'yarsa Chelsea, aka naɗa shi Ɗan Masanin Ushafa, kuma har yau wasu na kiran garin ƙauyen Clinton.

Ziyarar ta bar suna, amma suna ba ya sayen tukunya. Robobi da tukwanen dalma sun kori na ƙasa daga ɗakunan girki, firiji ya rage darajar randa a duk gidan da ke samun wuta. Abin da ke tafiya yanzu shi ne tukwanen furanni da kayan ƙawata otal da falo, kuma wannan ciniki ne na jiran baƙo. Yarinyar da ta gama sakandare tana ganin uwarta ta yi kwanaki a kan randa ɗaya, ta nemi itacen gashi da tsada, wani lokaci tukunyar ta tsage a wuta. Ba abin mamaki ba ne idan ta zaɓi zama a shagon POS a bakin titi.

Asalin abin dogaron garin dai gona ce. Damina kan sauka wajen Afrilu ta kai Oktoba, ana noma doya da dawa da masara da gyaɗa. Doya tana son ƙasar da ta huta, shi ya sa manomin da can yakan bar gona ta yi saura na wasu shekaru, ya koma wani gefen daji. Wannan tsari na buƙatar fili mai faɗi, kuma filin ne ke ƙarewa. Inda ake tada kunyar doya a bara, bana katanga ce da ƙofar ƙarfe. Ɗorawa da kaɗanyar da mata ke samun daddawa da man kaɗe daga gare su suna faɗuwa tare da gonakin.

A nan ne maganar ta koma ta doka. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar wurin a 1975, a ranar 3 ga Fabrairun 1976 kuma Janar Murtala Muhammed ya sanar da sabon babban birni. Dokar soja mai lamba 6 ta wannan shekara ta miƙa ɗaukacin ƙasar yankin, kimanin murabba'in kilomita 8,000, ga Gwamnatin Tarayya, sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sake tabbatar da haka. Niyyar farko ita ce a kwashe mazauna duka a sake musu matsuguni a wajen yankin. Da aka lissafa kuɗin, gwamnatin Janar Obasanjo ta ja da baya a 1978, aka ce sai waɗanda gini ya iso kansu za a tasa. Sauran aka bar su a inda suke, suna noma ƙasar kakanninsu wadda a takarda ta zama ta wani. Kotuna sun sha yanke hukunci cewa babu mallakar gargajiya a Babban Birnin Tarayya, kuma minista kaɗai ke da ikon ba da fili. Idan aiki ya biyo ta gona, diyyar shuka da itatuwa da gini ake biya, ba ta ƙasa ba.

Sakamakon wannan a bayyane yake ga duk wanda ya san lissafin talaka. Mutumin da ya san gonarsa za ta iya tafiya gobe a kan kuɗin 'yan bishiyoyin mangwaro, ya fi masa ya yanka ta filaye yau ya sayar. Mai saye kuma sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne da hayar Kubwa ko Gwarimpa ta fi ƙarfinsa. Ya karɓi takardar yarjejeniya da sa hannun shaidu, wadda ofishin AGIS bai san da ita ba, ya zuba tarin adashensa a bulo. Shi da wanda ya sayar masa duk a tsorace suke kwana: ɗaya ya rabu da gona, ɗaya kuma yana fargabar ranar da za a zo a shafa wa katangarsa jan fenti. Mai riba na gaskiya shi ne wanda ya san ƙofar da ake bi a fito da takardar mallaka a kan hekta masu yawa.

Ba za a ce kusanci da birni bai kawo alheri ba. Hedikwatar JAMB da Makarantar Horar da Lauyoyi suna Bwari, kuma sun jawo masu haya da masu cin abinci. Titin da ya ratsa Ushafa ya samu gyara a 'yan shekarun nan. Matashin da mahaifinsa bai taɓa riƙe albashi ba yanzu yana acaɓa ko birkilanci ko gadi, wasu sun yi digiri sun shiga aikin gwamnati. Sai dai kowane sabon titi yana ɗaga farashin fili, kuma tashin farashi bushara ce ga mai takarda kawai. Bututan da ke fita daga dam ɗin ma birni suka fuskanta. Gidaje da dama a garuruwan da ke kewaye da shi da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa suka dogara.

Abubuwa biyu na baya-bayan nan sun nuna raunin wurin. A farkon 2024 masu garkuwa da mutane suka addabi yankin Bwari, suna fitowa daga dazukan da suka haɗa shi da jihohin Kaduna da Neja, gonar nesa ta zama abin shakka. A 2025 kuma malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. 'Ya'yan masu hali suna makarantun kuɗi, ba su ji a jikinsu ba. Ɗan manomi, wanda boko ne kaɗai abin da zai maye masa gonar da ba zai gada ba, shi ya zauna a gida kusan zango guda.

Kuma babu gwamna ko majalisar jiha da za a kai wa kuka. Shugaban Ƙasa da Majalisar Tarayya ne ke tsaye a wannan matsayi, yankin yana da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu, sai a 2023 aka naɗa ɗan asalin yankin, Zephaniah Jisalo, minista a karon farko. Ma'ana, makomar gari irin Ushafa tana cikin fayil-fayil ɗin da ke yawo tsakanin teburan FCDA da sashen sake tsugunarwa da biyan diyya da ofishin minista, a hannun daraktoci da mataimaka na musamman da masu rubuta takardar shawara.

Tun 1976 manufar gwamnati ke kai da komo tsakanin tashin ƙauyuka da barin su a shigar da su cikin tsarin birni. Idan barin su za a yi, aikin sananne ne: a auna garin, a kafa masa iyaka da ta haɗa da gonaki da wurin ɗiban yumɓu da maƙabarta, a ba shi takarda da sunan al'umma. Kowace damina da ta wuce ba a yi haka ba, abin da ma'auni zai tarar ya ragu.