Firinta ba ta mutu ba, kanta ne ya bushe

A Abu Na'ama, garin da ke bakin kogin Shuɗin Nilu kudu da Sinja a jihar Sennar, takarda ba abin wasa ba ce. Ɗaliban tsangayar noma ta Jami'ar Sennar suna buga bincikensu, iyalan da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita kuma suna ta sake haɗa takardun shaida da hotunan fasfo. Don haka idan firintar mai shago ta fara fitar da rubutu da fararen layuka, ko fuskar mutum ta fito kore, ba mai shagon kaɗai abin ya shafa ba. Abin da ke damuna shi ne saurin da ake yi a ce ta mutu, alhali sau da yawa bushewa ce kawai.

Kan firinta mai fesa tawada yana ɗauke da ɗaruruwan hudoji, kowace ta fi silin gashi siranta. A na'urorin Canon da HP, zafi ne ke tafasa ɗigon tawada ya turo shi waje, dabarar da HP ya shigar kasuwa da ThinkJet a 1984. Epson kuwa wani ɗan sinadari yake sawa wanda ke lanƙwashewa idan lantarki ya taɓa shi, sai ya matso ɗigon. Ko wanne ne, yawancin tawadar ruwa ce. Duk almajirin da ya taɓa barin kurtunsa a buɗe da bazara ya san sauran labarin. Epson kan rubuta cewa a yi aiki da irin waɗannan na'urori tsakanin digiri 10 zuwa 35, a wannan yanki kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan haura 40.

Ɗaukewar wuta tana ƙara dagula lamarin. Idan aka kashe firinta da maɓallinta, kan yakan koma gefe ya zauna kan wani murfin roba da ke hana iska shiga. Idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, ko aka fizge waya don tattalin batirin sola, sai kan ya kwana a buɗe. Da safe hudojin sun toshe.

Kafin a ɗauko sukudireba, a buga shafin gwajin hudoji, wanda ke cikin manhajar firintar. Zai fito da layukan baƙi, shuɗi, ja da rawaya, nan take a ga launin da ya yanke. Fuskar da ta koma kore alama ce ta cewa ja ba ya fita. Sai a sa ta wanke kanta sau biyu ko uku, a sake gwadawa. Idan bai gyaru ba, a bar ta ta kwana, domin sabuwar tawada ta jiƙa busasshiyar. Masu danna wankin sau goma a jere asara suke yi: tawadar na zuba ne cikin wani soso a ƙasan na'urar, in ya cika kuma Epson takan tsaya cak har sai an canza shi.

A firintoci masu tanki, a duba ko tawada ta sauka ƙasa da layi ta ja iska cikin bututu. A Canon da HP kada a ci gaba da bugu da katirij da ya ƙare, don tawadar ce ke sanyaya kan, rashinta na iya ƙona shi. Ba na ganin laifin mai sayen tawada mai araha a wannan tsadar rayuwa, amma ya tsaya kan iri ɗaya, saboda haɗa iri biyu yakan sa su daskare. Allura da fetur ba sa kusantar hudojin nan. Haka ma ruwan kogi, da ke ɗauke da laka daga tsaunukan Habasha. Tataccen ruwa na kantin magani da ƙyalle mai laushi sun isa.

Rubutun da ya fito biyu-biyu ko a karkace wani ciwo ne daban. Bayan kan akwai siririn zaren roba mai ƙananan zane, da shi na'urar ke gane inda kan yake. Ƙurar guguwar habub na lulluɓe shi, sai a goge a hankali, a sa ta daidaita kanta. Da damina kuma takarda ce ke shan laima har tawada ta bazu, saboda haka a bar ta cikin ledarta.

Ko babu ciniki, a riƙa buga shafi ɗaya mai launi duk bayan kwana biyu ko uku, a kashe ta da maɓalli, a lulluɓe ta da zane. Kuɗin wannan shafin bai kai kuɗin motar zuwa Sinja neman sabon kai ba.