RUBUTU A CIKIN GILASHI

Tun zamanin da, mutane suna neman abin rubutu wanda ba ya lalacewa. Takarda tana da amfani ƙwarai, amma magabtanta suna da yawa. Gara takan ci ta, ruwa ya jiƙe ta, gobara ta lashe ta. Littafi kuwa in ya hallaka, ilmin da ke ciki ya tafi ke nan.

Saboda haka waɗansu masana suka juya ga gilashi. Ba irin na kwalba ba, wani tatacce ne mai jure wa zafi. A shekarar 2013, masanan Jami'ar Southampton ta Ingila suka nuna ana iya ajiye rubutu a cikinsa.

Alƙalamin wannan aiki wani haske ne mai ƙarfi, ana ce da shi leza. Yakan walƙa sau da yawa, ko wace walƙiya ta bar ɗan ɗigo a tsakiyar gilashin, ba a bayansa ba. Ɗigon ya yi ƙanƙanta ainun, ido ba ya ganinsa. Akan jera su hawa-hawa kamar bene. Wurin da ɗigo ya zauna, da girmansa, da wajen da ya fuskanta, su ne a maimakon baƙaƙe. In za a karanta, sai a haska gilashin a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, kwamfuta ta mai da ɗigogin su koma magana ko hoto.

A shekarar 2019 kamfanin Microsoft ya zuba majigin Superman na 1978 dukansa cikin gilashi guda, wanda bai fi tafin hannu ba, kaurinsa milimita 2. Aka gwada irin wannan gilashi: aka tafasa shi, aka gasa shi, aka kankare shi da soson ƙarfe. Rubutun bai ko gezau ba, gama yana can ciki.

Abin da aka rubuta haka ba ya goguwa, balle a gyara kuskure. Masana suna sa ran zai kai shekaru dubbai, jikokin jikoki su tarad da shi kamar yau aka rubuta.

Tambayoyi
1. Faɗi magabtan takarda guda uku.
2. Mene ne alƙalamin rubutu a gilashi?
3. Don me soson ƙarfe bai ɓata rubutun ba?