Ƙadangaren Tsere da Rikicin Dangantakarsa

Da hantsi, idan rairayi ya fara ɗaukar zafi a gefen hanyoyin Jojiya da Fulorida a kudancin Amurka, wani siririn ƙadangare kan fito daga raminsa. Baƙi-baƙi ne, da zane shida masu ruwan ɗorawa daga wuya har gindin wutsiya, wutsiyar kuwa ta kusa ninka jikinsa biyu. Ba ruwansa da hawa katanga ya zauna yana gyaɗa kai irin na jan gwada. Kullum yana ƙasa: ya zabura, ya tsaya cak, ya cusa hanci cikin busassun ganye, yana zaro harshe mai baki biyu, yana neman fara da gizo-gizo. Ka matso kusa, sai dai ka ga ƙura, domin gudunsa kan kai kilomita 29 a awa. An ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Shi wannan ba ya ma jiran sa gudu ya iso.

Can kuma a hamadar Gobi da busassun filayen Kazakistan da Iran akwai wasu ƙadangaru da ake kira Eremias. Siririn jiki, doguwar wutsiya, zane a baya, gudun tsiya a kan rairayi. Wanda ya ajiye su gefe da gefe zai rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ko Linnaeus, wanda ya kafa tsarin raɗa wa halittu suna, da ya bayyana na Amurka a 1766, cikin gidan Lacerta ya jefa shi tare da ƙadangarun Turai.

Amma kama da wane ba ta wane. Na Amurka ɗan zuriyar Teiidae ne, danginsa su ne irin su tegu na Ajantina, ƙaton da ya wuce mita guda, wanda in ka gan shi sai ka ce damo. Eremias kuwa na zuriyar Lacertidae ne. Da aka bi diddigin ƙwayoyin gado sai aka ga abin da ido ba zai taɓa nunawa ba: dangin Eremias sun fi kusa da wasu halittu masu rayuwa a ƙarƙashin ƙasa, galibinsu ba ƙafa, ana kiran su Amphisbaenia, fiye da kusancinsu da mai zane shida. Zafin rana da fili fetal da shaho a sama ne suka sa gidajen biyu suka yi siffa ɗaya, ba haihuwa ba.

Wannan rarrabewar ta taɓa mu ma. Akwai ƙananan ƙadangarun Afirka ta Yamma da aka daɗe ana lissafa su cikin Eremias, kamar wanda yanzu ake kira Heliobolus nitidus, mai yawo a dazuzzukanmu na savana, kafin a ware su a ba su gidansu. Na Amurka ma ya yi ƙaura: shekara da shekaru yana cikin Cnemidophorus, sai a 2002 masana Reeder da Cole da Dessauer suka nuna cewa gidan ya tara waɗanda ba kakansu ɗaya ba, suka mayar da na arewacin nahiyar cikin Aspidoscelis. Wasu na ganin sauya suna wahalar da ɗalibai ne kawai. Ni ban ga haka ba. Sunan da ya haɗa bare da ɗan gida ƙarya yake faɗa, gyara shi kuwa wajibi ne.

Inda labarin ya fi ɗaure kai shi ne cikin gidan Aspidoscelis kansa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'insa babu namiji ko ɗaya a cikinsu. Mata ne zalla, suna yin ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe ba tare da barbara ba, 'yar ta fito sak uwarta. Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa. A nan babu uban da za a gada. Darevsky, masanin Rasha, shi ya fara ganin irin wannan a 1958 a tsakanin ƙadangarun duwatsun Kokeshiya, daga baya aka same shi birjik a kudu maso yammacin Amurka.

Asalin kowace irin wannan zuriya barbarar nau'i biyu ce mabambanta. Mun san alfadari, ɗan jaki da goɗiya, ƙarfi gare shi amma ba ya haihuwa. Waɗannan kuwa sun sami mafita. A 2010 ɗakin binciken Peter Baumann, da ke Kansas City a lokacin, ya nuna yadda abin yake: kafin ƙwai ya samu, macen kan ninka ƙunshin gadonta daga 46 zuwa 92, sannan a raba shi, kowane ƙwai ya tashi da cikakken 46 ɗinsa, gadon ɓangarorin biyu bai zube ba. Akwai kuma wani sashe na ƙwayoyin gado da ake karɓa ta wajen uwa kaɗai, da shi masana ke gane wane nau'i ne ya ba da uwa a ranar farko, wane ne ya ba da uba.

Da wannan aka gano hannun mai zane shida a wurare biyu. A bakin kogin Rio Grande, wajen Laredo, akwai zuriyar mata zalla, laredoensis, wadda uwarta 'yar nau'in gularis ce, ubanta kuwa mai zane shida. A kudu maso gabashin Kolorado kuma wani namijinsa ya haɗu da wata mace daga zuriyar da dama ba ta buƙatar namiji, aka sami neotesselatus mai ƙunshin gado 69, kashi uku maimakon biyu. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, su kuwa albarkacin barbara guda suka kafa zuriya sukutum.

Wannan batu ya zame wa masu tsara jinsuna ƙadangaren bakin tulu. A ce kowace zuriya nau'i ce mai zaman kanta, an karya ƙa'idar da ta ce nau'i shi ne waɗanda ke barbara a tsakaninsu. A hana su suna, an yi watsi da halittar da ke da yankinta da abincinta da kamanninta. Yawancinsu sun zaɓi ba da suna, har ga wadda aka samar a ɗakin bincike a 2011 mai ƙunshin gado kashi huɗu, wadda a 2014 aka raɗa wa neavesi don girmama masani William Neaves.