Suturar Ɗaliban Jinya a Asibiti da Dalilan da Ke Bayanta

Ka'idojin sutura da makarantun koyon aikin jinya ke gindaya wa ɗalibansu kafin a tura su ɗakunan marasa lafiya sukan zo wa iyaye da mazaje, har ma da su kansu ɗaliban, a matsayin tsaurin malamai kawai, alhali kuwa mafi yawansu an kafa su ne domin toshe hanyar da ƙwayoyin cuta ke bi daga wani majinyaci zuwa wani. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa a ƙasashe masu tasowa, majinyata 15 cikin kowane 100 da aka kwantar sukan kamu da wata cutar a cikin asibitin, wadda ba da ita suka zo ba, yayin da a ƙasashe masu arziki adadin yake 7 cikin 100. A Najeriya, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda aka kafa a 1979, ita ce ke sa ido kan horon ɗalibai, amma kowace makaranta da kowane asibiti sukan fayyace launi da ɗinkin yunifom ɗinsu.

Hannu shi ne jigon al'amarin, domin da shi ake wanke gyambo, da shi ake sa ruwa a jijiya, kuma da shi ake ɗaukar jariri. Saboda haka ake buƙatar farce ya kasance gajere, bai kai rabin santimita ba, a kuma guji farcen kanti da jan farce, tun da ƙarƙashin dogon farce da tsagar fentin da ya fara ɓarewa mafaka ce da sabulu ba ya isa sosai. Tsakanin 1997 da 1998, a sashen kula da jarirai na wani asibiti a birnin Oklahoma na Amurka, jarirai 46 sun kamu da ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas, 16 daga cikinsu suka rasu, kuma binciken da aka yi ya danganta yaɗuwar da ma'aikatan jinya biyu, ɗaya mai dogon farce, ɗaya kuma mai farcen kanti. Lalle ya bambanta da jan farce, domin rini ne da ke shiga jiki ba tare da ya bar ɓawo a kai ba, ko da yake ya kamata ɗaliba ta tambayi matsayar makarantarta a kansa. Zobe da awarwaro da agogon hannu su ma suna riƙe danshi da datti a ƙarƙashinsu, kuma zobe mai dutse yana iya yaga safar hannu ko ya karce fatar tsoho, abin da ya sa ma'aikatan jinya ke maƙala agogo a ƙirji.

Batun hannun riga shi ne wanda ya fi jawo muhawara a tsakanin Musulmi. A 2007 Ingila ta fito da dokar barin hannu a buɗe daga gwiwar hannu zuwa yatsu yayin kula da majinyaci, saboda dogon hannun riga yana shafar gado da rauni, kuma yana hana a wanke wuyan hannu yadda ya kamata. Sai dai a 2010 an gyara ƙa'idar, aka ba da damar sanya hannun riga na wucin gadi wanda ake jefarwa bayan an gama da majinyaci. Wannan ya nuna cewa ana iya haɗa suturta jiki da tsaftar aiki idan hukumar asibiti ta so. Haka nan hijabi ba ya hana aikin jinya, matuƙar gajere ne, an cusa gefensa cikin riga don kada ya reto kan rauni idan an sunkuya, ana kuma canza shi kullum. Namiji shi ma ana son ya gyara gemunsa, musamman da yake gemu mai yawa yana hana takunkumin kariya mai matsewa zama daidai a fuska.

Takalmi kuwa rufaffe ake so, mara tsini, wanda ba ya santsi, domin allura ko jini na iya faɗowa kan ƙafa, silifa kuma ba ta tare komai. Humra da turare mai ƙarfi, duk da matsayinsu a kwalliyar Bahaushiya, suna tayar wa mai asma da numfashi, suna kuma sa mai tashin zuciya amai.

Wata ɗabi'a mai haɗari, wadda kuma ba a cika ɗaukarta laifi ba, ita ce fita da yunifom daga asibiti. Ɗalibar da ta yini a ɗakin masu zazzaɓi, sannan ta hau A Daidaita Sahu da kayan aikinta, ta biya kasuwa, ta iso gida ta rungumi ƙanenta, ta kwaso duk abin da ya taɓa rigar ta raba wa mutanen da ba su je asibiti ba. A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke dawowa kowane rani wannan ba ƙaramin ganganci ba ne, balle ma an san cutar ne tun farko a 1969 bayan ta kashe ma'aikatan jinya biyu, ɗaya da ta kamu a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ɗaya kuma da ta yi jinyarta a Jos. Abin da ya dace shi ne a sauya kaya a asibiti, a sa yunifom a jaka daban, a wanke shi shi kaɗai da ruwan zafi, a shanya a rana, a kuma goge. Wannan kuwa yana nufin dole ɗalibi ya mallaki fiye da saiti ɗaya, nauyin da ya kamata iyaye su lissafa tare da kuɗin makaranta.

Katin suna da ake maƙalawa a ƙirji haƙƙin majinyaci ne, domin a idon mutanen karkara da yawa duk wanda ya sa farin kaya likita ne. Launin yunifom da katin su ke bayyana cewa mai su ɗalibi ne da ke aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre, kuma mai jinyar ɗan'uwansa yana da damar ya duba katin, ya tambayi wanda ke duba aikin ɗalibin, ya kuma nemi a wanke hannu kafin a taɓa majinyacinsa.